Dunƙule a Tukunyar Mataji

Cikin shekarun da na yi ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu a nan Greensboro, na ga abubuwa iri-iri. Wasu na manta, wasu ma da gangan na kawar da su daga raina. Amma akwai wata Litinin ta watan Janairu da har gobe ban manta da ita ba. Tunda ku sababbi ne a aikin nan, gara ku ji labarin daga bakina kafin Anti Ramatu ta ba ku shi da ƙarin gishiri.

Bari in fara da yadda aikin yake, saboda waɗanda ba su fara fita ba. Kamfani ne ke tura mu gidaje. A kowane gida akwai takardar tsarin kula da mara lafiya, wadda nas ta rubuta, ita ce a samanmu. A ciki za ki ga abin da mutum zai ci da wanda ba zai ci ba, da lokacin magani, da yadda za a ɗaga shi. Namu shi ne wanka, canza kaya, girki, da rubuta duk abin da aka ci a waya kafin mu tashi daga shif, wato lokacin aikinmu. Nas kuma tana zuwa duk mako biyu ta auna nauyi da hawan jini. In wani abu ya saɓa wa takardar nan, dole ki kira ofis ki cika rahoto, ko da ke ce mai laifin.

A shekarata ta biyu aka tura ni gidan wata tsohuwa 'yar Indiya a wata unguwa bayan titin Wendover. Ɗanta, Mista Anil, wanda ke aiki a Charlotte, ya ce in riƙa kiranta Mataji, wato uwa. Ta haura tamanin, mijinta ya rasu, kuma shanyewar ɓarin jiki ta kama hannunta na dama da ƙafa, sai a keken guragu ake tura ta. Magana tana fita a hankali, amma hankalinta garau. 'Yar ƙaramar mace ce, kullum cikin farin sari, zanen matan Indiya, da rigar sanyi a sama, idonta kuwa ba abin da yake wucewa. Ita ce ke duba agogo ta ce min, "Saude, lokacin sallarki ya yi," har ta nuna min kusurwar falon da zan riƙa shimfiɗa darduma.

Takardarta ta ce ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba albasa, ba tafarnuwa, gishiri kuma kaɗan. Da na karanta sai na ce a raina, to me ya rage, ruwan zafi? Ni 'yar Zariya ce, a gidanmu in babu albasa ba a ma ɗora tukunya.

Matsalar ita ce Mataji ta daina cin abinci. Wanda ɗanta yake saye a sa a firij, sai ta kai cokali biyu ta ture. Kullum tana ƙara ramewa, awarwaronta har yana neman zamewa daga hannu. Ranar da Nas Doris ta zo awo, Mista Anil ma ya zo. Nas Doris baƙar fata ce 'yar garin nan, ta daɗe a aikin, ba ta da yawan magana. Ta dubi ma'auni ta girgiza kai. A kicin suka tsaya, ina wanke kofuna ina ji. Ya ce shi ba zai zuba ido uwarsa ta mutu da yunwa ba. In nan da mako biyu nauyinta bai ƙaru da fam uku ba, zai mayar da ita gidan kula da tsofaffi, ya riga ya samo waje.

Mataji ta ji su. Da suka tafi ta kira ni, ta nuna min ɗan ɗakin da take addu'a, da kujerar mijinta, da tagar da take zama. Ta ce, "Shekara talatin ina gidan nan. A nan ya mutu. Ba na son in tafi." Ba ta yi kuka ba, ni ce ma idona ya cika.

Na durƙusa na ce, "To Mataji, me kike marmari? Ki faɗa min, ko mene ne zan dafa."

Ta daɗe tana kallon waje, itatuwa duk sun zubar da ganye, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Sai ta ce, "Gobi." Farin kabeji ke nan a yarensu. Ta ce a garinsu da sanyi yake fitowa, kasuwa ta cika da shi fari tas, kowane gida ka wuce ƙamshinsa kake ji, da dankali ake haɗa shi.

Washegari na biya shagon Indiyawa na titin Gate City na sayo babba guda. Ban tambayi kowa yadda ake yi ba, wai ni gwana, ai girki girki ne. Na yayyanka shi ƙanana, na tafasa shi da dankali har ya yi laushi luguf, na soya tumatir na juye. Na ɗanɗana. Wayyo, salam, kamar an jiƙa takarda! Na tsaya ina kallon tukunya, ga tsohuwa a falo tana jira. Sai hannuna ya tafi jaka da kansa. Ku faɗa min gaskiya, wace ce a cikinku ba ta da dunƙulen magi ko ɗaya a jakarta? Na ɓare guda, na murmushe a ciki, na juya. Nan take abinci ya tashi.

Wallahi ko kaɗan ban kawo komai a raina ba. A wurina dunƙule kayan miya ne, kamar barkono, kamar daddawa. Nama kuwa shi ne abin da ake yankawa.

Mataji ta ci rabin faranti. Ta ce ba haka ake yi ba, ya yi ruwa, amma akwai wani ɗanɗano da ba ta sani ba, hala na ƙasarmu ne. Na yi dariya na ce sirrin Hausawa ne. Laraba ta ci, Alhamis ta ci, Jumma'a ta kusa cinye faranti. Ina rubutawa a waya ina jin kaina a sama. Har Mista Anil ya kira ya yi min godiya.

Ranar Asabar muka je cefane da Anti Ramatu. Ga waɗanda ba su sani ba, ita ta kawo ni aikin nan, 'yar zangon Kumasi ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Kun san halinmu a ƙasar nan, ba ma ɗaukar kaya sai mun juya bayansa mun karanta, kada a ci alade ba a sani ba. Tana karanta bayan wani kwalin biskit, ni kuma na ɗauko kwalin dunƙule ina ta ba ta labarin yadda na farfaɗo da tsohuwa.

Ta sauke tabarau ta dube ni. Ta ce, "Ei, Saude! Wane dunƙule?"

Na miƙa mata. Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Juya ki karanta, yadda kike karanta wa 'ya'yanki."

Na juya. Ga shi nan ɓaro-ɓaro, kitsen kaza da garin naman kaza. Ga ma hoton kazar a gaban kwali, shekara da shekaru ina kallonsa ban taɓa ganinsa ba. Na tsaya cak, kwalin a hannuna. Matar da tun haihuwarta nama bai taɓa shiga bakinta ba, ni na ba ta kwana huɗu a jere, tana ci tana gode min. Na tuna yadda na yi kwana biyu ina tashin zuciya ranar da na gano akwai sinadarin alade a wata alewa da na sha.

A mota na fara neman mafita. Na ce, "Anti, in na daina sawa kawai na yi shiru fa? Ko kuma in ci gaba har a yi awo? Saura kwana tara. In na faɗa mata, ba za ta ƙara cin abin hannuna ba, kuma ɗanta zai ɗauke ta."

Anti Ramatu ta ce, "Duk gaskiya ne. Amma da ke ce a keken nan, ita ce a kicin, me za ki so ta yi?" Daga nan ta sauke ni a gida, a unguwar Glenwood.

Litinin da safe, kafin in shiga gidan, na kira Nas Doris daga cikin mota. Na faɗa mata komai. Ta tambayi dunƙule nawa, kwana nawa. Ta ce laifi biyu ne, ga nama ga gishirin da ke cikin abin, mai hawan jini kuwa ba a yi masa wasa da gishiri. Ta ce in cika rahoto a ranar, ita za ta sanar da ɗan. Sai ta ƙara da cewa, "Ita kuma tsohuwar, zan iya zuwa in gaya mata. Amma ke kika dafa."

Na ce, "Ni zan faɗa."

Na same ta a bakin taga. Ta yi min murmushi ta ce yau ma gobi? Na durƙusa a gabanta, na fito da kwalin, na nuna mata hoton. Na ce, "Mataji, na yi miki laifi babba. Abin da nake sa miki ke nan. Akwai kaza a ciki. Ban sani ba, amma ya kamata in sani."

Ta kalli kwalin ta daɗe. Hannunta mai lafiya ya tafi bakinta. Sai hawaye, shiru, ba sauti. Na gwammace ta zage ni, na gwammace ta jefe ni da kofi. Can ta ce, "Kai ni ɗakin addu'a." Na tura ta, na ja mata ƙofa.

Ranar ba ta ci komai ba sai ruwa. Talata ma haka, shayi kawai ta karɓa, shi ma sai da ta ga na buɗe sabon kwalin madara a gabanta. Ba ta yi min magana ba sai abin da ya zama dole. Amma da azahar ta yi, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, "Lokacin sallarki ya yi." Na yi sallar ina kuka. Mista Anil kuwa ya kira ofis ya ce a canza ni. Nas Doris ta ce masa a jira a ji ta bakin mai gida, tunda ita ake yi wa aiki. Ni dai na riga na saddaƙar, na cuci tsohuwa, ta rasa gidanta ta dalilina.

Laraba da safe an tashi da ƙanƙara ta daskare a kan motoci. Ina shiga ta ce, "Saude, me ya sa kika faɗa min? Harshena ya mutu rabi. Ba zan taɓa ganewa ba."

Na ce, "Don da ni ce, zan so a faɗa min."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Tura ni kicin."

Tun da ciwon ya same ta ba ta ƙara shiga kicin ɗin nan ba, ɗanta ya hana, wai kada ta ƙone. Na duba takarda, babu inda nas ta hana. Na tura ta har gaban murhu, na ɗan ja ta gefe, na taka birki. Abu na farko, ta nuna tukunyar da na yi amfani da ita da ludayin, ta ce in tafi da su gida, nawa ne. Ta sa na jawo wani baƙin kasko mai zurfi daga ƙasan kabad, ta ce da shi ta zo daga Indiya. Sannan ta ce, "Daga yau ba abin da zai shiga kaskon nan sai na gani. Kuma girkinki na gobi, ko babu kaza, laifi ne." Ita ce dariyarmu ta farko a kwana uku.

Jama'a, ranar na san cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na ɗauko gobi da wuƙa, ta buga hannun keke. Ba a yanka shi, da hannu ake ɓallewa, reshe-reshe, kowane kamar girman ƙwan zabo. Kowane reshe sai na kai mata kusa da ido ta duba. A cikin wani muka ga 'yar tsutsa koriya. Na nufi kwandon shara, ta ce a'a, ta sa na ɗora ta a kan ganyen shukar da ke taga, wai waje akwai sanyi. Na kalli matar nan da ko tsutsa ba ta yarda a kashe ba, na ƙara jin nauyin abin da na yi.

Aka wanke, aka shanya a tawul har ya bushe. Na zuba mai kaɗan a kasko. Ta ce in jira. Da ya yi zafi ta sa na watsa wasu 'yan ƙwayoyi sirara masu ƙamshi da suke kira jira. Ta rufe ido ta karkata kunne. Da suka fara tsatsat-tsatsat ta ce, "Yanzu!" Sai ɗan wani gari mai ƙarfin wari, abin da bai fi a ɗauka da yatsa biyu ba, ta ce shi ke tsaya musu a madadin albasa. Sai ɗanyar citta da aka daka, sai dankali. Ya ɗan soyu, sannan farin kabejin, da kurkum, da barkono kaɗan.

Na ɗauko kofin ruwa zan zuba, yadda hannu ya saba. Ta yi wata tsawa da ban san tana da muryarta ba. "Ruwa? Ajiye! Akwai ruwansa a jikinsa." Ta sa na rufe, na rage wuta can ƙasa. Duk lokacin da na kai hannu zan juya sai ta ce, "Bar shi. Ku kuna damun abinci." Sau biyu kacal ta yarda na juya, a hankali, don kada ya farfashe. Da gefensa ya fara yin ja, aka sa tumatir ɗaya. A ƙarshe, gishiri ɗan mitsitsi, sai ta sa na matsa lemon tsami, ta ce shi zai rufe gurbin gishirin.

Ƙamshin da ya cika gidan nan, ni kaina yawuna ya tsinke. Ga tagogi sun yi gumi, ga ɗumi, ga kasko ya yi rawaya. Na zuba mata a ƙaramin faranti da 'yar shinkafa. Ta ɗauki reshe ɗaya da hannun hagu, ta tauna a hankali. Ta ce citta ta yi yawa. Ta ɗauki na biyu. Ta cinye tas, ta ce in zuba nawa in zauna, ba ta son cin abinci ana tsaye a kanta. Na ci, na ce, "Mataji, ashe dai ana girki ba albasa." Ta ce, "Yau kika sani?"

Daga ranar, ƙarfe goma na safe tana kicin. Alhamis muka yi shi da koren wake. Jumma'a ta sa na gurza shi ɗanye, aka cusa a cikin kwaɓin alkama aka gasa a tanda kamar gurasa, tana ta faɗa wai hannuna nauyi gare shi. Na lura in ta ba da umarni, ta yi faɗa, ta shaƙi ƙamshi, sai yunwa ta zo mata da kanta. Asabar da Lahadi ba shif ɗina ba ne, amma ta sa na rubuta wa mai karɓata yadda ake komai, ta ce ita ma a turo ta kicin.

Litinin ta zo. Nas Doris ta iso da ma'auni, Mista Anil ya iso da takardun gidan tsofaffi a hannu, ko gaisuwata bai amsa sosai ba. Aka auna. Fam ɗaya ta ƙara. Kwana biyun da ta yi ba ci sun cinye sauran.

Ya ce, "To Mama, kin gani. Na riga na faɗa. A can akwai ƙwararru, ba wanda zai yi miki irin wannan kuskuren."

Nas Doris ta nuna masa abin da aka rubuta na kwana biyar ɗin ƙarshe, ta ce nauyi yana bin ci a baya, kuma ci ya dawo. Bai ko kalla ba. Mataji ta ce masa ya zauna. Ta ce min, "Zuba masa." Da ma tun safe mun dafa. Ya ce ba ya jin yunwa. Ta ce, "Ban tambaye ka ba." Ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya dube ni ya ce wa ya dafa. Na ce hannuna ne, amma girkinta ne. Ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Sannan ta yi magana, a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, da Turanci don mu ma mu ji. Ta ce, "A can ma za su yi kuskure, Anil. Mutane ne. Wannan ta yi, ta zo ta durƙusa ta faɗa min, alhali ta san za a iya korarta. A can wa zai faɗa min?"

Mista Anil ya naɗe takardun ya sa a aljihun kot, ya jawo farantin ya ci gaba da ci. Nas Doris ta buɗe takardar tsarin kula, ta ƙara layi ɗaya da biro: a riƙa kai mara lafiya kicin lokacin girki, ita za ta ba da umarni. Rahotona kuwa yana nan a fayil ɗina a ofis, an yi min gargaɗi a rubuce, kuma na cancanta.

To ga abin da nake so ku riƙe. Takarda za ta gaya muku abin da mutum ba ya ci, amma ba za ta gaya muku abin da hakan yake nufi a wurinsa ba, sai kun tambaya. Yadda kuke tsoron haram a bakinku, haka kowa yake da abin da yake tsoro a nasa, kuma mutanen nan ba sa iya tashi su duba tukunya, mu ne idonsu. Za ku yi kuskure, ba makawa. In kun yi, ku faɗa da bakinku tun kafin a gano. Kuma kada ku ɗauka don hannun mutum ya mutu, saninsa ma ya mutu. Ni na shiga gidan nan ina ganin na zo taimakon tsohuwa, ita ta koya min girki, ta koya min yafiya, ba ta taɓa goranta min ba ko sau ɗaya.

Mataji ta ƙara ganin sanyi biyu a gidanta. A na ukun ta rasu, wata safiya, a kan gadonta, ɗanta yana riƙe da hannunta na hagu, ni ina riƙe da na dama.